Gwamnati Mai Ci Ba Gwamnatin Zamani Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan kalma guda ɗaya ta Turanci, wato "current". Na san akwai masu jiran layi da maganganun da suka fi tawa zafi. Amma kalmar nan ta daɗe tana damuna, a makon jiya kuwa na ga ta kayar da ɗaya daga cikin masu fassararku a bainar jama'a.

A shafin labaran ƙasashen waje ne, cikin rahoton yaƙin neman zaɓe a wata ƙasa ta Turai. An rubuta cewa 'yan hamayya sun zargi "gwamnatin zamani" da gazawa wajen samar wa matasa aikin yi. Na karanta jimlar sau biyu, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Ban ga takardar Turancin da aka fassaro ba, amma zan iya rantsuwa abin da ke cikinta shi ne "the current government". Shekara ashirin da shida na yi ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo kafin in ajiye aiki, saboda haka idan Turanci ya ɓuya a ƙarƙashin jimlar Hausa, ƙafarsa nake fara hangowa.

Ba cewa nake a hukunta kowa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma dubi abin da jimlar ta gaya wa mai karatu. Idan Bahaushe ya ji "gwamnatin zamani", abin da zai faɗo masa a rai shi ne gwamnati mai aiki da kwamfuta, wadda ta watsar da tsohon yayi ta rungumi sababbin dabaru. Kusan yabo ne. 'Yan hamayyar can kuwa ba yabo ya kai su ba. Nufinsu gwamnatin da ke kan kujera a ranar da suke magana, wadda suke so su tumɓuke. Sunanta da Hausa ba ɓoyayye ba ne, kullum yana bakinmu: gwamnati mai ci. Ko da ta tsofaffi ce waɗanda ba su taɓa buɗe intanet ba, ita ce "current" muddin ba ta sauka ba.

Ni ma a kan wannan kalmar na fara shan jan biro. A watana na farko a ɗakin labarai aka miƙo mini rahoto mai ɗauke da "the current situation", na rubuta "yanayin zamani", na kai wa shugaban sashenmu ina ji da kaina. Dattijo ne marar yawan magana, kowa Malam yake ce masa. Ya duba, ya zagaye kalmomin biyu da ja, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Samari, ɗauko ƙamus ɗin can." Wani ƙaton ƙamus ne da bangonsa ya rabu da shi, an ɗaure shi da roba. Ya ce in nemo kalmar, in tsallake ma'anar farko, in karanta masa ta ƙasa, inda take a matsayin suna. Na karanta: ruwa ko iska mai tafiya ta fuska ɗaya. Ya ce, "To, ka ji. Ruwan kogi ne, kana tsaye yana wuce ka. Zamani kuwa tafki ne, sai a shekara goma yana nan." Ya soke abin da na rubuta, ya sa "halin da ake ciki". Na ce, "Malam, ai babu ruwa a nan." Ya ce, "Wanda ke cikin hali, ba fita yake jira ba?" Ya miƙo mini takardar, ya jawo ta gaba.

Daga baya na bi asalin kalmar da kaina. Daga harshen Latin ta fito, "currere", wato gudu. Ta ratso ta tsohon Faransanci a matsayin "corant", mai gudu, ta shiga Turanci wajen shekarar 1300, kuma ma'anarta ke nan a farkon shigarta: abu mai gudu, mai kwarara. Danginta suna nan birjik a Turanci, kowanne da jinin gudu a jikinsa. "Courier" ɗan aike ne mai sheƙawa da saƙo. "Cursor", 'yar alamar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta, a Latin sunan mai tsere ne. Hatta "curriculum", manhajar karatu, asalinta tsere ne da filin da ake yin sa. Kuɗin ƙasa kuma an kira shi "currency" ne domin yana gudana daga hannu zuwa hannu, kuma akwai ranar da yake tsayawa, kamar yadda mak na Jamus da faran na Faransa suka bar kasuwa a farkon 2002 da takardun yuro suka fito. Daga wannan gudana ma'anar lokaci ta tsiro: abin da ke tafiya yanzu, abin da ake karɓa yanzu, wata ko shekarar da ta kama hanya ba ta kai ƙarshe ba tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne Hausa ta isa wurin nan ta wata hanya dabam. Bature ya ce abu yana gudu, mu muka ce yana ci. Kasuwa tana ci, wuta tana ci, fitila tana ci, sarki yana ci. Duk abin da aka ce yana ci, mai faɗa ya san zai daina. Kasuwa za ta watse, wuta za ta mutu, mai mulki zai sauka ko a sauke shi. Shi ya sa "mai ci" ta zauna daram a kan "current" idan ana zancen mai riƙe da muƙami. Muna ma da sauran jerin a shirye: mai jiran gado, mai ci, mai barin gado, tsohon shugaba, marigayi, kowa da gurbinsa. A Amurka ana zaɓen shugaba a watan Nuwamba, ba a rantsar da shi sai 20 ga Janairu. Barack Obama ya ci zaɓe ranar 4 ga Nuwamba 2008, duniya duk sunansa take kira, amma har mako goma sha ɗaya bayan nan George Bush ne "the current president". Wanda ya cika labarai daban, wanda ke sa hannu a takardun gwamnati daban. Mai fassarar da ya ɗauka "current" tana nufin "sabo" zai naɗa mutum tun kafin ranar naɗinsa.

Sai dai kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Kada wani ya ji wannan ya ɗauki "mai ci" ya riƙa liƙa ta ko'ina. Kalmar Turancin ɗaya ce, Hausarta ta fi goma, kuma maƙwabciyarta a cikin jimla ita ke zaɓar wadda za a sa. "Current affairs" mun daɗe da daidaitawa a kan al'amuran yau da kullum, ba mai jayayya. "Current issue" na mujalla shi ne bugun da ke kasuwa, ko da mujallar mai fitowa wata uku-uku ce kuma bugun ya yi wata biyu a waje. Idan tufafi ne, abin da ake yayi. Idan jita-jita ce, wadda ke yawo, ka ga tafiyar ta sake fitowa. Idan fasfo ne ko lasisi, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ko kamar yadda mutane ke faɗa, wanda bai mutu ba. Idan kuma ta zo bayan aikatau, kamar a ce wata kalma "is no longer current", to an daina amfani da ita ke nan, ta kwanta a ƙamus.

Kwanan baya autata tana cike fom ɗin neman aiki a waya, sai ta zo ta zauna kusa da ni. "Baba, sun tambayi adireshi sau biyu. Ko kuskure suka yi?" Na karɓi wayar na nesanta ta da idona. Layi ɗaya "current address", na ƙasansa "permanent address". Ta riga ta sa adireshin gidana a duka biyun, alhali wata takwas ke nan tana zaune a ɗakin haya kusa da inda take koyon aiki. Na ce mata na farkon shi ne inda za a same ki in an aiko wasiƙa gobe, na biyun inda za a sami wanda ya san inda kike ko bayan shekara biyar. Ta ɓata fuska ta ce, "To ai ɗakin can ba daɗewa zan yi a cikinsa ba." Na ce sun sani, shi ya sa suka ba shi wannan sunan. Ta gyara. Ba a yi minti biyar ba ta dawo, wai shafin ya ƙi karɓar sabuwar kalmar sirrinta. Na duba, ashe a gurbin "current password" ma sabuwar ta rubuta, wadda ba ta fara aiki ba. Ita a ganinta sabuwa ita ce ta yanzu. Na'urar kuwa tsohuwar take nema, domin tsohuwar ce ke ci har sai an danna maɓallin canji.

Wannan wucin gadin da ke maƙale a jikin kalmar shi ke sa Turawa dariya idan mutum ya gabatar da matarsa ya ce "my current wife". Nahawu bai karye ba, ƙarya ma bai yi ba, amma duk wanda ke wurin ya ji cewa akwai wata a hanya, har da ita matar. Juya shi da Hausa ka ji: "Ga matata mai ci." Ban ce wani ya gwada a gida ba.

Malamai da yawa suna koyar da cewa "current" da "present" abu ɗaya ne, kuma a wurare da dama gaskiyarsu ne. Ka ce "the present government" ko "the current government", gwamnati ɗaya ka nuna. Amma ba gida ɗaya suka fito ba. "Present" daga "praesens" take, abin da ke gabanka, wanda ya halarta, shi ya sa ɗalibi ke amsawa da ita idan an kira sunansa a aji. Ita a tsaye take, 'yar uwarta na tafiya. Kuma tana da tarkon da "current" ba ta da shi, domin ma'anarta na canzawa da wurin zamanta. "The present members" su ne membobin yanzu, duk wanda sunansa ke cikin rajista. "The members present" su ne waɗanda suka zo zaman ranar. Kada a raina wannan. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce ba a tabbatar wa wanda ake neman tsigewa da laifi a majalisar dattawa sai da amincewar kashi biyu cikin uku na "the members present". Majalisar mutum 100 ce. Idan kowa ya zo, ƙuri'a 67 ake nema. Idan 90 suka zo, 60 ta wadatar. Mai fassarar da ya rubuta "sanatoci masu ci" a nan ya sauya dokar wata ƙasa yana zaune a teburinsa, kuma na ga an yi.

Ƙanwarta "presently" ta fi ta rikici. A bakin mutanen Ingila da yawa tana nufin nan ba da jimawa ba, a Amurka kuwa an fi jin ta da ma'anar yanzu. In an ce minista zai iso "presently", bai iso ba, a ci gaba da jira. Ni dai a aikina duk inda na gamu da ita sai na dubi aikatau na gefenta, mai zuwa ne ko mai ci, kafin in taɓa ta.

Akwai wani ramin kuma da 'yan uwanmu da suka yi karatu da Faransanci suka fi faɗawa. A Faransanci "actuel" ita ce "current". "L'actuel président" shi ne shugaba mai ci, "actualités" kuma labaran yau. Jamusanci da Sifaniyanci ma haka suke da irin wannan kalma da irin wannan ma'ana. Turanci ne ya bauɗe: "actual" a wurinsa na nufin na haƙiƙa, na gaske, ba na jabu ba. Sau da yawa sanarwar bayan taro takan iso mana da Turancin da aka juyo daga Faransanci cikin gaggawa, sai ka ga "the actual president". Bature in ya karanta zai tambaya, to wane ne na bogin? Mu a ɗakin labarai mun koyi ganewa, mu rubuta "shugaba mai ci" mu wuce. Yaron da bai sani ba zai rubuta "shugaba na gaskiya", ya jefa jaridarsa cikin rigimar siyasar da babu ita.

To ina gurbin "zamani"? Yana nan, gurbi ne babba, amma na wasu kalmomi ne. "Modern" ce ta fi kusa da shi: asibitin zamani, noman zamani, makaman zamani. Ko ita ɗin sai an yi hattara, domin zamanin masana yana da faɗi fiye da namu. Masana tarihin Turai suna fara ƙirga "modern" daga wajen 1500. Masana harshe suna sa Turancin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, a farkon "Modern English". Ɗalibin da ke kokawa da shi a aji ba zai yarda ba, amma haka aka rarraba. Abu na iya zama "modern" ya shekara ɗari huɗu. Ba abin da zai shekara ɗari huɗu yana "current" sai in har yau ana aiki da shi.

"Contemporary" ita ce mai fuska biyu, kuma ita na fi tsoro. Asalinta "tare" da "lokaci", wato masu zamani ɗaya. Charles Darwin da Abraham Lincoln an haife su rana ɗaya, 12 ga Fabrairu 1809, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka. Su "contemporaries" ne, mu sai mu ce sa'o'in juna, ko tsara. Idan ba a ambaci wani lokaci ba, sai a ɗauka da mu ake gwadawa, shi ya sa "contemporary music" kan zama kiɗan wannan zamani. Amma da zarar akwai wani lokaci a cikin zancen, can kalmar ke komawa. Idan marubuci yana zancen gobarar da ta cinye birnin Landan a 1666 ya ce ga "a contemporary account", ba bayanin masanin yau yake nufi ba. Yana nufin irin abin da Samuel Pepys ya rubuta a littafinsa na kullum, mutumin da ya tsaya ya ga wutar da idonsa. Ka rubuta "bayanin zamani" a nan, ka yi kuskure da shekara ɗari uku da hamsin da 'yan kai. Hausarsa ita ce bayanin wanda aka yi abin a zamaninsa, ko a taƙaice, na ganau.

Masu shafin tattalin arziki su ma su matso kusa. "Current account" a banki ba "asusun yanzu" ba ne, kamar akwai na jiya da na gobe. Asusun hada-hadar yau da kullum ne, wanda kuɗi ke shiga su fita, kishiyar asusun ajiya inda suke kwanciya. Sunan Birtaniya ne, Amurkawa "checking account" suke cewa. Idan kuma ƙasa ce aka ce tana da gibi a "current account", ba banki ake nufi ba sam. Lissafi ne na kaya da ayyukan da ta sayar waje da waɗanda ta sayo, haɗe da kuɗin shiga da na aike da ke ƙetare iyakarta. "Current year" ma ba kullum ne bana ba. Shekarar kasafin gwamnatin tarayyar Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, saboda haka a Nuwamban 2023 sun riga sun shiga shekarar kasafin 2024. Shekarar haraji ta mutane a Birtaniya 6 ga Afrilu take kamawa. Ka ga "current" a irin wannan rahoto, ka tambayi kanka shekarar wa.

Ta wutar lantarki ba sai na tsaya ba. A can "current" tana matsayin suna ne, wato kwararar lantarki a cikin waya, wadda ake aunawa da ma'aunin da aka sa wa sunan masanin Faransa André-Marie Ampère. Kogin Malam ne dai, an ɗura shi a waya.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko daga kan nawa in nuna maka shi, domin shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 2022 ina cikin shekarata ta ƙarshe a aiki, ina ganin babu sauran abin da kalmar nan za ta koya mini. Shekarar kuwa ta zo wa Birtaniya da sauye-sauye. Ranar 6 ga Satumba Liz Truss ta karɓi firaminista daga Boris Johnson. Kwana biyu bayan nan, 8 ga Satumba, Sarauniya Elizabeth ta rasu. Tun 1952 duk wanda ya rubuta "the current monarch" ita yake nufi, shekara 70 cur, sai ga shi da yammacin rana ɗaya kalmomin sun koma kan ɗanta Charles ba tare da an canza musu harafi ko ɗaya ba.

A cikin Satumban nan na rubuta wani ɗan sakin layi na ƙarin haske a kan tattalin arzikin Birtaniya, na adana shi a kwamfuta don in riƙa jawo shi duk lokacin da labarin ya taso. Ya fara da "Firaminista mai ci, Liz Truss". Daidai ne ranar da na rubuta. Ranar 25 ga Oktoba da daddare, saura minti kaɗan a shiga labarai, aka ce labari na biyar ya yi gajarta. Na jawo sakin layin nan na liƙa a ƙarƙashinsa, ban karanta ba, ai ni na rubuta shi. Labarin farko a wannan dare shi ne Rishi Sunak ya zama firaminista bayan Truss ta yi kwana 49 kacal. Ina tsaye bayan gilashi ina kallon mai karanta labarai. Ta karanta na farko lafiya. Da ta iso na biyar na ga bakinta ya fara "Firaminista mai ci", ta ɗan tsaya kamar mai haɗiye wani abu, amma harshe ya riga ya tafi, ta ƙarasa sunan. Sai ta ɗago ido ta dube ni ta cikin gilashin, ba ta ce komai ba, ta ci gaba. A cikin minti shida mun ba Birtaniya firaminista biyu. Da ta fito ta ajiye takardun a gabana ta ce, "Malam, wanne daga ciki za mu riƙe na ƙarfe goma?" Yaran da nake yi wa jan biro suna zaune suna kallon ƙasa.

Fassarata ba ta da aibi. "Mai ci" ce daidai. Abin da na manta shi ne kalmar ba ta ɗauke da kwanan wata a jikinta, aro take yi daga ranar da aka furta ta. Tana iya riƙe mutum shekara 70, tana iya sakinsa bayan kwana 49, kuma ba za ta sanar da kai ba.

A nan nake so ka ba ni kunnenka, Malam Edita, domin matsalar ta fi tsanani a wurinku fiye da yadda ta kasance a wurinmu. Maganar rediyo iska ke tafiya da ita. Jaridar takarda kuma tana da kwanan wata a saman kowane shafi, mai karatu na ɗaga ido ya gani. Amma yanzu labaranku suna zaune a intanet shekara da shekaru. Wani zai kwafo sakin layi biyu ya tura a WhatsApp, ba kai ba kwanan wata, ya yi ta yawo. Bayan shekara huɗu ya faɗo wayar wani, ya karanta "gwamnati mai ci ta ƙara haraji", ransa ya ɓaci da gwamnatin da ba ta san zancen ba. Roƙona shi ne duk inda za a rubuta "mai ci" ko "na yanzu" ko "bana" a labarin da zai daɗe, a raka shi da suna ko shekara, ko sau ɗaya ne a cikin labarin. Gwamnatin wane. Kasafin shekara kaza. Kalma biyu ce ko uku, ba za ta cinye fili ba.

Haka kuma idan ana ɗauko magana daga tsohuwar takarda. Rahoton da aka rubuta a 2010 in ya ce "the current population", mai fassara a yau ba zai ce "yawan jama'a na yanzu" ba. Sai ya ce yawan jama'a a 2010, ko a lokacin da aka rubuta rahoton. Turanci ma yana da maganin wannan, yakan ce "the then president", shugaban wancan lokaci. Mu kuwa "na lokacin" ta ishe mu. Wannan kuskuren ya fi na "gwamnatin zamani" haɗari, domin shi ba ya yi wa kunne nauyi. Jimlar takan fito sumul, edita ya wuce ta, mai karatu ya haɗiye tsohuwar ƙididdiga a matsayin ta yau.

Tsofaffin akawunan Ingila suna da wata al'ada a wasiƙun kasuwanci da ta ofis. Sukan rubuta "your letter of the 5th inst.", wato wasiƙarka ta 5 ga watan da muke ciki. "Ult." watan jiya, "prox." watan gobe, duk gutsattsarin Latin. Malam, shugaban sashenmu na da, ya taɓa nuna mini irinsu a wani tsohon fayil, shafin farko ya yage ya ɓata, saura na biyu. Ga "inst." nan har sau uku, rubutu mai kyau da tawada, amma babu mai iya cewa wane wata ne, balle wace shekara. Muka juya takardar gaba da baya, muka mayar da ita fayil.

A farkon wasiƙar nan na rubuta "makon jiya". In ta kwana biyu a teburinka kafin fili ya samu, don Allah ka sa a gyara wurin, a sa ranar bugun da nake nufi. Ka kuma gaishe mini da yaron da ya fassara labarin. Sauran rahoton nasa ya yi kyau, musamman yadda ya juya maganar shugaban 'yan hamayyar a sakin layi na uku.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Wani tsohon mai fassarar labarai